Tsiron da ke farautar ƙwari

Jama'a, ku matso ku dubi wannan ganye. Ko farcen babban yatsa bai kai ba. Ɗigon nan da ke sheƙi a kan jajayen gashinsa, sai ka rantse raɓa ce. To, ina aka taɓa ganin raɓar da rana ta take amma ba ta bushe ba? Danƙo ne, kamar wanda yara ke ɗana wa tsuntsaye.

Masana na kiransa Drosera rotundifolia: kalmar farko daga Girkanci take, tana nufin mai raɓa, ta biyun kuma mai zagayayyen ganye. Gidansa can arewacin duniya, su Kanada, Rasha da arewacin Turai, a fili mai dausayi inda gansakuka ta shimfiɗu.

Mu nan Kumasi, ko rogo ka jefar a bayan gida a Aboabo sai ya tsiro. Can kuwa ruwa ya jiƙe ƙasar, ta yi tsami, mataccen ganye ba ya saurin ruɓewa, don haka sinadarin naitirojin, wanda tsiro ke buƙata don ya girma, ya yi ƙaranci. Abin da saiwa ta rasa, sai ganye ya fita nema.

Ga ɗan ƙwaro ya sauka, ƙafa ta liƙe. Yana fisge-fisge, yana ƙara taɓo wasu gashin. Su kuma sai su riƙa lanƙwasowa a hankali, ba gaggawa, har su danne shi a tsakiya. Daga nan ganyen ya zubo ruwan narkarwa, ya tsotse abin da ke ciki. Bayan 'yan kwanaki ya buɗe, sauran ɓawo kawai, iska ta kwashe.

Masanin halittu Charles Darwin ya sha fama da shi a Ingila. Ya ɗora masa nama, da madara, da farin ƙwai, gashin ya rufe. Ya ɗiga ruwa zalla, ko gezau. A 1875 ya fitar da littafi kan tsirrai masu cin ƙwari, kuma wannan ɗan tsiro ne ya cinye mafi yawan shafukan.

Furensa fari ne, ƙarami, mai kunne biyar, a kan siririn kara da ya yi wa tarkon nisa, kuma sai rana ta fito sosai yake buɗewa. In sanyi ya shigo, ya dunƙule ya zama ɗan toho, ya jira ƙanƙara ta narke.

Kada mahautan Kejetia su ce a kawo musu. Manyan ƙudajen kasuwa sun fi ƙarfinsa, fisgewa za su yi su tafi.