Abin da ke sa aiki ya maƙale a mararraba, inji kuma bai nuna kuskure ba

Assalamu alaikum, jama'a. Tambaya ɗaya ce ke ta yawo tsakanin masu koyon zanen tsarin aiki a 'yan kwanakin nan. Mutum ya zana tsarinsa, ya tura wa inji, wato manhajar da ke gudanar da zanen, inji ya karɓa, sai aikin ya je wani wuri ya zauna daram. Babu jan rubutu, babu gargaɗi. Wani kuma akasin haka ne ya same shi, kuɗin da za a biya sau ɗaya aka biya sau biyu. Duka biyun tushensu guda ne, kuma ga shi nan, wannan 'yar alamar da nake zagayawa da linzami, wato mararraba, inda hanyoyin aiki ke rabuwa ko haɗuwa.

Abin da kuke gani a allo Camunda Modeler ne, manhajar zana tsarin aiki, salon zanen kuma BPMN 2.0, wanda OMG, ƙungiyar tsara ƙa'idojin fasahar kwamfuta, ta fitar a 2011. Siririn da'ira mafari, da'ira mai kauri ƙarshe, akwati aiki, kibiya hanya. Wannan kowa ya iya. Misalinmu neman sayen kaya ne a kamfani: ma'aikaci ya cike fom, a amince, a duba sito da kasafi, a biya ɗan kasuwa.

To, ga abin da ba a zana shi amma shi ke tafiyar da komai. Duk lokacin da wani ya cike fom, inji na ajiye tsakuwa ɗaya a mafari, kamar ɗan dara a kan gurbi. Masu harkar suna kiranta tokin. Ita ke bin kibiya daga akwati zuwa akwati, kuma aiki ba ya ƙarewa sai tsakuwa ta ƙarshe ta bar zanen. Daga yanzu ku daina kallon akwatuna, ku bi tsakuwa da ido.

Wannan murabba'in da aka tsayar a kan kusurwarsa shi ne mararraba. Mai alamar X a ciki, ta zaɓi ce. Tsakuwa ɗaya ta shiga, ɗaya ta fita, ta hanya ɗaya tak. Kuɗi ya haura naira 500,000, a kai wa manaja. Bai haura ba, shugaban sashe ya isa. Mai alamar tarawa (+) kuwa, ta rabawa ce. Tsakuwa ɗaya ta shiga, kowace kibiya ta samu tata. Kibiya biyu, tsakuwa biyu. Ko ka rubuta sharaɗi a kan kibiyoyinta, ba ta tsayawa karantawa.

Har nan babu mai tuntuɓe. Tuntuɓen yana wurin haɗewa.

Mararrabar X, idan hanyoyi suka haɗu a kanta, ba ta jiran kowa. Duk tsakuwar da ta iso ta wuce. Biyu suka iso, biyu za su wuce, ɗaya bayan ɗaya. Ita kuwa mai alamar tarawa halin direban tasha gare ta, mota ba ta tashi sai ta cika. Kujerunta kuma su ne kibiyoyin da ke shigowa cikinta. Kibiya biyu na shigowa, sai ta ga tsakuwa a kan kowacce, sannan ta haɗe su ta saki guda ɗaya. Ku lura da kyau, a kan kowacce na ce. Tsakuwa biyu su zo ta kibiya ɗaya, ba su cika mata mota ba.

Yanzu ku dubi zanen nan. An raba hanya da X, manaja a sama, shugaban sashe a ƙasa. Wanda ya zana ya zo haɗewa sai ya sa mai tarawa, don a tunaninsa ai haɗawa tarawa ne. Bari mu kunna. Neman naira 200,000. Tsakuwa ta bi ƙasa, shugaban sashe ya amince, ta iso... ta tsaya. Me take jira? Tsakuwar da za ta fito ta wurin manaja. Wa zai aiko ta? Babu, domin X guda ɗaya ta saki tun farko. Direba na zaune yana jiran fasinjan da ko haihuwarsa ba a yi ba.

Kuma inji ba zai ce uffan ba. A wurinsa jira ba laifi ba ne, akwai ayyukan da ke jiran sa hannu na mako guda. Ku ga yadda abin yake a Operate, inda ake bibiyar ayyukan da ke gudana. An lissafa shi cikin masu rai, babu ja ko ɗigo. Alamar da za ta tona asiri ita ce layin hanyar da aka bi: ya haskaka har bakin mararraba, bai fita ta ɗaya gefen ba.

Mu juya shi. An raba da mai tarawa, mai sito na duba kaya, akanta na duba kasafi, lokaci guda. An haɗe da X. Mai sito ya gama da safe, tsakuwarsa ta wuce kai tsaye zuwa akwatin biya, alhali akanta ko buɗe takardar bai yi ba. Da la'asar akanta ya gama, tasa ma ta wuce. Ɗan kasuwa ya ga alat biyu. A ganina wannan ya fi na farko haɗari nesa ba kusa ba, domin wanda ya maƙale wani zai zo ya yi cigiya, amma wanda aka biya sau biyu ba lallai ya buga waya ba.

Akwai 'yar'uwar wannan da ke ɓuya. Ka ja kibiya biyu kai tsaye cikin akwati ɗaya, babu mararraba a tsakani. Zanen ya yi tsaf a ido, amma akwatin zai yi halin X, kowace tsakuwa ta iso sai ya yi aikin. Shi ya sa na fi son a zana mararrabar haɗewa a fili ko da ta ci wuri.

Saura mai wuyar gani. Raba da mai tarawa, haɗe da mai tarawa, komai daidai. Amma a reshen akanta akwai ƙaramar X: idan babu kuɗi a kasafi, a tafi ƙarshe. Wannan tsakuwar ta mutu a can, ta mai sito kuma tana wurin haɗewa tana jiran ta. Gyaran biyu ne. Ko ka dawo da reshen ƙin amincewa ya bi ta wurin haɗewar, ka yanke hukunci bayan an haɗu. Ko ka mayar da wancan ƙarshen mai kashe duka, da'irar da aka cike cikinta da baƙi, wadda ke share duk tsakuwar da ta rage.

Kafin ka tura komai, ka kunna kwaikwayon tokin a cikin Modeler. Ka bi kowace hanya, har da wadda kake jin ba za a taɓa bi ba, kana ƙirga: nawa suka fita daga rabawa, nawa wurin haɗewa ke jira.

Sauran da sauri. Sharaɗi da yaren FEEL ake rubuta shi. Kowace X ka ba ta hanyar ko-ta-kwana, kibiyar nan mai ɗan layi a karkace a gindinta, don idan babu sharaɗin da ya cika kuma babu ita, inji zai tsaya ya ɗaga jan alama. Ka tabbata fom na aiko kuɗi a matsayin lamba, don rubutu ba ya gwaduwa da lamba. Rassa biyu da ke tafiya tare kada su riƙa ajiye sakamako a suna ɗaya, na baya zai goge na farko. Akwatin biya kuma ya riƙa duba lambar takarda, in an taɓa biyan ta ya ƙi.

Sai ka danna alamar roka ka tura. Nan ma a yi hattara. Turawa sabon zubi take haifarwa, na 2 a kan na 1. Sabbin fom za su bi gyararren zane, amma waɗanda suka riga suka maƙale suna nan a tsohon zubi, gyaranka bai shafe su ba. Ka koma Operate, ka tace da zubi na 1, ka zaɓo su. Wanda ba a kashe kuɗi a kansa ba ka soke shi a sake shigarwa. Wanda ya yi nisa, ka ɗaga tsakuwarsa da hannu zuwa akwatin da ke bayan mararrabar, amma sai ka fara tambayar akanta ko an riga an biya.