Lambar wuya da lambar jiki: abin da na gani a Rue de Rome

Jama'a assalamu alaikum. Ina birnin Faris na Faransa, a Rue de Rome, layin masu kayan kiɗa da ke gefen tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare, kuma wallahi har yanzu kaina bai daina juyawa ba. Ku duba cikin gilashin nan. Saksofon biyu ne, wato kayan busan nan na Turawa, duk samfurin Mark VI na kamfanin Selmer, duk tenor, wato masu kaurin murya, duk sun tsufa har fentin ya kokkoɗe. Amma na hagun ya fi na daman tsada da kusan Yuro dubu uku. Kan me? Kan wata 'yar lamba a gindin wuya, wadda sai ka sa tabarau za ka karanta ta!

Bari in matso da kyamara. Kun ga wannan lanƙwasasshen bututun na sama? Shi ne wuya, cire shi ake yi bayan an gama busa. To abin da ake cirewa kullum tsawon shekara sittin, ai dole ya faɗi, ya lotse, ko a manta shi a wajen biki a sa wani. Lambar jiki tana baya, ƙasa da inda babban yatsa ke kamawa. In ta zo daidai da ta wuyan, tare suka fito. Tamkar dai mai sayen mota 'yar Kwatano yana haɗa lambar inji da ta takarda.

Ga inda ake ruɗa mutane. Selmer ta fara Mark VI a 1954, ta yi ta yin alto, wato ƙanin tenor, da shi tenor ɗin har wajen 1974. A nan Faransa ake ƙera su, a Mantes-la-Ville, amma na kasuwar Amurka a Elkhart ta jihar Indiyana ake harhaɗa su, a yi musu zane da fenti. Na farko-farkon Elkhart ɗin su ne ake buga wa lamba a wuya. Waɗanda aka gama a Faransa galibi ba su da ita. Don haka wuya ba lamba ba shi ne jabu ba. Wanda zai tayar maka da hankali shi ne mai lamba, amma daban da ta jikin.

Masu lamba biyar, wato ƙasa da 100,000, su ake rububi. Ni dai ban yarda kunne na iya jin lamba ba. Na busa duka biyun, e, ɗan'uwanku ya ɗan iya, har mai shagon ya ɗago kai, kuma na arhar ya fi mini daɗin murya. Na tuna masu algaita a hawan sallah, babu mai tambayar su lamba. Kai, bana ma a nan zan yi sallar, Allah dai ya kai mu gida.

In za ka saya ta intanet, kada ka tura ko sisi sai ka ga hoton lambobin biyu kusa-kusa. Ka kuma lura da zanen furannin. In ya dusashe, lambar ta yi laushi kamar an lashe ta, an goge kayan an sake fenti ne, kuɗinsa ya faɗi komai sheƙinsa. Saksofon ƙirar Martin da King Super 20 na Amurka su ma ana samun lamba a wuyansu, a duba.

 Mu tsallaka, akwai wani alto da nake so ku gani.