Yadda gajeren wandon 'yan sikawut ya zama dogo

Assalamu alaikum jama'a, ku ɗan kalli wannan tsohon hoton tukuna. Dattijo ne mai shekara 80 a duniya, furfura fal kai, ga lambobin yabo a ƙirji, amma dan Allah ku kalli ƙafarsa, gajeren wando ne a jikinsa gwiwa a waje kamar ɗan firamare. Wannan shi ne Baden-Powell wanda ya kafa ƙungiyar sikawut, a babban taronsu na duniya da aka yi a ƙasar Holan a 1937. Toh wandon nan shi ne zancenmu na yau, daga ina ya fito, kuma me ya kore shi.

Amma bari mu fara da waɗanda suka riga 'yan sikawut zuwa. A 1883 wani malamin makarantar coci a birnin Glasgow, William Alexander Smith, yara sun gagare shi a aji, sai ya ce bari ya gwada musu fareti irin na soja tunda shi ma yana cikin sojan sa kai, nan aka haifi ƙungiyar samari ta Boys' Brigade. Kayansu na farko ba riga ba wando. Hula ce 'yar ƙarama, sai bel, sai wata farar jaka da ake ratayawa a kafaɗa, shikenan, ka ɗora su a kan kayan da ka fito da su daga gida. Dalili kuwa a fili yake, yawancinsu 'ya'yan ma'aikata ne, idan ka ce sai uba ya ɗinka wando na musamman ai ka kori rabin yaran tun kafin a fara maci. Saboda haka a tsofaffin hotunansu za ku ga sama iri ɗaya, ƙasa kuwa kowa da nasa.

Shi kuma Baden-Powell soja ne da ya sha rana a Indiya da Afirka, har Kumasi ya je a yaƙin Asante na 1895 zuwa 1896, sannan ya yi suna a garin Mafeking na Afirka ta Kudu inda abokan gaba suka yi wa shi da sojojinsa ƙawanya kwana 217. A watan Agusta na 1907 ya kwashi yara wajen 20 ya kai su tsibirin Brownsea da ke kudancin Ingila suka yi zaman sansani, wasunsu ma 'yan Boys' Brigade ne, kuma a nan ɗin ma ba yunifom, zare mai launi kawai aka maƙala wa kowa a kafaɗa dan a gane rukuninsa. Sai da littafinsa Scouting for Boys ya fito a 1908 kaya suka samu siffa, malafa mai faɗin baki da riga irin na rundunar 'yan sandan da ya kafa a Afirka ta Kudu, ƙyalle a wuya, sanda a hannu, doguwar safa, sai gajeren wando.

Af, kafin na manta, kalmar kaki da muke cewa kakin soja, kakin ɗan sanda, ba tamu ba ce asali. Daga Indiya Turawa suka ɗauko ta, ma'anarta launin ƙura, sojojin wata runduna a wajajen Peshawar ne suka fara sa irin wannan launi tun shekarun 1840. Mu kuma da ta iso mana sai muka mayar da ita sunan yunifom gaba ɗaya ko da shuɗi ne.

Toh me ya sa gajere? Shi dai Baden-Powell hujjarsa ita ce ya fi araha, ƙafa tana sakewa tana shan iska, kuma in ƙasa ta jiƙe sai ka cire safa ka shiga ciyawa ba abin da zai jiƙe maka. Gaskiya a Kumasi ko Mafeking wannan magana ce mai kyau. Amma Ingila fa ake magana, ƙasar da sanyinta hunturun Jos ma wasa ne a kansa, yaro ya tsaya fareti a watan Janairu gwiwa ta yi jawur tana karkarwa. Abin da ya sa iyaye ba su ga wani abin mamaki ba shi ne, dama can a al'adarsu ta lokacin yaro gajeren wando yake sawa rani da damina, sai ya kai shekara sha uku sha huɗu haka sannan a saya masa dogo, kuma ranar babbar rana ce, an san ya fara zama mutum. Kun ga ashe tsawon wando ba zancen zafi ko sanyi ba ne, shi ke nuna waye yaro waye babba. Shi ya sa manyan shugabannin sikawut da suke sa gajere tare da yaran, har da shi dattijon da kuka gani, abin ya zama kamar suna cewa ne mu ma naku ne.

Amurka kuwa da suka kafa tasu a 1910 ba su bi wannan hanya ba sam. Kayan sojansu suka kwaikwaya kusan sak, kwat mai maɓallai har wuya, da wando irin na mahaya doki mai buhu a cinya ya tsuke a gwiwa, sannan a ɗaure ƙwauri da wani abu na tamfol. Kamannin ya yi yawa har da aka yi dokar tsaro ta 1916 wadda ta hana farar hula sa kaya irin na soja, sai da aka ware 'yan sikawut aka ce su ban da su. Gajeren wando ya shigo musu daga baya a matsayin kayan rani da sansani, dogo na sosai kuma ya samu wuri a shekarun 1940.

Mu koma Ingila dan can rigimar take. Zuwa shekarun 1960 duniya ta canza, yara ƙanana sun fara sa jins, saurayi ɗan shekara 15 yana ganin sa'o'insa a titi da dogon wando shi kuma an ce ya fito da gwiwa a waje da malafa a ka, wallahi ko kai ne sai ka bi ta lungu. Shugabanni suka ga samari na zamewa, sai aka kafa kwamiti a ƙarƙashin shugaban sikawut na lokacin Charles Maclean, aka ce 'yan kwamitin kada su wuce shekara 45, suka yi shekara biyu suna aiki, a 1966 suka fito da rahoto mai shawarwari sama da 400. Daga 1967 aka fara aiki da shi. Malafa ta tafi aka koma hular baret, kalmar Boy ma aka cire ta daga sunan ƙungiyar, gajeren wando kuma aka ce sai wata rana, aka kawo dogo mai launin ƙasa-ƙasa. Amma ku lura, ƙananan yara 'yan Cub an bar su da gajerensu. Wato layin nan tsakanin yaro da babba ba a goge shi ba, matsar da shi kawai aka yi.

Kuma fa ba kowa ya yarda ba. Wasu tsofaffin hannu suka ce an watsar da gadon mai gida Baden-Powell, ba wando kaɗai ba har da tsarin horon, gardama ta yi tsami har a 1970 suka ɓalle suka kafa tasu mai suna Baden-Powell Scouts' Association, suka ci gaba da malafarsu.

Daga nan sai zancen ya koma na ado da aljihu. A 1980 Amurka ta ba shahararren mai zanen kayan sawa Oscar de la Renta aikin sabon yunifom, ya fito da riga ruwan ƙasa da wando kore mai duhu. Ingila a 2001 ta koma wando ruwan bula mai manyan aljihu a cinya. Sai kuma Amurkawa suka zo da dabarar da ni dai ta fi ba ni dariya, wando mai zif a gwiwa, da safe in ana sanyi dogo ne, rana ta take sai ka zuge ka cire ƙafafun ka cusa a jaka.

Mu ma nan abin bai wuce mu ba, Boys' Brigade ta iso Legas a 1908, sikawut a 1915, kuma duk wanda ya ga hotunan 'yan sanda da 'yan doka na zamanin Turawa ya san gajeren kaki da aka sha wa sitaci har yana iya tsayawa da kansa. Wanda ya yi sakandaren gwamnati kuma ba sai na ba shi labari ba, junio gajere sinio dogo, ranar da ka shiga SS1 tela ya miƙo maka dogon nan tafiyarka ma sai ta canza. Sai dai a wajenmu akwai abin da Baden-Powell bai sa a lissafi ba, al'aurar namiji daga cibiya zuwa gwiwa, kuma lokacin sallah ba ya jiran a tashi daga fareti. Ku duba 'yan agaji a filin idi ko wajen wa'azi, baret na nan, bel na nan, igiyar usur a kafaɗa na nan, amma wandon har idon sawu yake.