Lens da Kyamarar Ɗaukar Hoton Wasanni: Wanne Za Ka Fara Saya?

Jama'a, barkanmu da warhaka. Kafin ka tambayi sunan kyamarar da za ka saya don ɗaukar hoton wasa, tambayi kanka abu biyu: a ina zan tsaya, kuma wane irin haske zan samu? Su ne za su zaɓa maka lens.

Filin ƙwallon ƙafa tsawonsa ya kai mita 105. Kana bayan raga, ɗan wasa yana tsakiyar fili, lens mai 200mm (lambar mm tana nuna ƙarfin zuƙo abu daga nesa, mai babbar lamba ya fi zuƙowa) zai nuna maka shi ɗan firit. Shi ya sa za ka ga ƙwararre da 400mm a kyamara ɗaya, ya rataya wata mai 70-200mm a kafaɗa, da an kawo hari bakin raga sai ya sauya. A ƙwallon kwando kuwa, da yake kana dab da 'yan wasa, 70-200mm ɗin nan ya ishe ka.

Batun haske ne wurin da kuɗi ke tafiya. Idan kana so ka tsayar da mai gudu cak, har a ga ƙasar da takalminsa ya watso, sai kyamara ta ƙifta cikin kashi ɗaya bisa 1000 na daƙiƙa. A wannan ɗan lokaci haske kaɗan ne ke shiga, don haka dole ƙofar lens ta buɗe sosai. Lambar f ce ke nuna faɗin ƙofar, ƙaramar lamba babbar ƙofa: mai f/2.8 yana shigar da haske ninki 4 na mai f/5.6. Ka ɗauki 150-600mm na Sigma ko Tamron: da rana tsaka ba ka da matsala, kuma ni shi nake ba mai farawa shawara. Amma in ka zuƙo shi ƙarshe f/6.3 yake komawa, to da dare ƙarƙashin fitilu sai ka ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske, hoton ya fito da tsakitsaki kamar an yayyafa masa yashi. Shi kuma 400mm f/2.8 ya yi maganin wannan, sai dai ga tsada, ga nauyin kusan kilo 3, sai ka ɗora shi kan sanda mai ƙafa ɗaya.

Kada kuma mai sayarwa ya ruɗe ka da cewa lens yana hana girgiza. Rawar hannunka yake gyarawa, ba ya tsayar da ɗan wasa.

Gangar jikin kyamara fa? Fara duba yadda take kama fuskar ɗan wasa ta bi shi, ko da wani ya gifta ta gabansa. Yawan hotuna a daƙiƙa yana biyo baya. Sony a9 ta 2017 tana ɗaukar 20, Canon R3 tana ɗaukar 30, amma 10 da suka fito tsaf sun fi 30 masu dishi-dishi. Gwada ta: danne maɓallin ka riƙe, ka ji bayan daƙiƙa nawa za ta fara sarƙewa, domin katin ajiyar hotuna marar sauri zai iya tsayar da kai daidai lokacin da ƙwallo ke shiga raga.

Idan aljihu bai da nauyi, nemi kyamara mai ƙaramar sensa (ɓangaren da ke karɓar haske ya mai da shi hoto), wato APS-C. Kan Nikon ko Sony, 300mm zai cika hoto kamar 450mm. Ragowar kuɗin ka zuba shi a lens, don za ka sauya kyamara sau biyu ko uku shi yana nan yana aiki.