Kuɗin da Ake Biyan Manoman Bio a Ostiriya

Assalamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da ƙarar iskar nan, yau a tsakiyar gona nake, can wajen birnin Viyana. Bari in juya muku kyamara. Kun ga wannan layin furannin da ya bi gefen alkama? Ni da na iso na ɗauka mai gonar ne ya yi sakaci ciyawa ta ci masa wuri. Ashe da gangan ya bar shi, kuma har da shi a cikin sharuɗɗan kuɗin da gwamnati ke ba shi. Dole ya ware kashi 7 cikin 100 na gonarsa ga furanni da ƙudan zuma da tsuntsaye.

Noman da yake yi shi ake kira bio a nan, wato ba takin zamani, ba maganin kashe ciyawa. Ostiriya ce kan gaba a Tarayyar Turai a wannan harka, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin nomanta bio ne, alhali Tarayyar gaba ɗaya tana wajen kashi 10 ne a 2022, tana kuma fatan kai wa kashi 25 nan da 2030. Shirin tallafin sunansa ÖPUL, tun 1995 yake, shekarar da ƙasar ta shiga Tarayyar. Kuɗin kuwa haɗaka ne, Tarayyar ta sa nata, gwamnatin ƙasa da jihohi su sa nasu.

Na tambayi dattijon ko wannan ba kuɗin banza ba ne. Sai ya yi dariya, ya shiga ɗaki ya ciccibo wani fayil mai kaurin bulo. Ga shi nan, ku gani. Rasidin iri, rasidin abincin shanu, taswirar kowace gona da abin da aka shuka a cikinta. Aƙalla sau ɗaya a shekara mai bincike zai zo ya bi takardun nan ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa rumbu, wani lokaci ya ɗebi ƙasa ko ganye a kai gwaji. Daga sama kuma tauraron ɗan'adam na kallon gonar.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne shekarun sauya sheƙa. Ranar da manomi ya daina zuba takin zamani, amfanin gona zai ragu nan take, amma doka ta ce sai ya shekara 2 kafin a karɓi hatsinsa a matsayin cikakken bio, itatuwan marmari kuma shekara 3. Ka ga ke nan ga buhuna sun ragu, ga farashin bio bai samu ba, ga ciyawa da sai dai a bi ta da haro ko fartanya. A nan ne tallafin ke riƙe mutum kada ya durƙushe. Asalin kuɗin ya ɗan haura yuro 200 a kowace hekta, mafi yawansa kuma sai Disamba yake shigowa, bayan an gama kashe na aiki. In ka fasa kafin wa'adin da ka sa wa hannu, za a iya cewa ka mayar.

Inda nake da ja shi ne lissafin hekta. Mai hekta 200 da mai hekta 10 duk za su sha bincike da cike-ciken takardu, amma ku auna abin da zai shiga asusun kowannensu. Gaskiya ƙaramin manomi ne ke shan wuya a nan.

To, ga tarakta can ta taso, yana ɗaga min hannu in kauce. Mu je wajen shanun ku ga inda yake tara takinsa.