Almakashin da ciwon dajin ƙwaƙwalwa ke yanka hanya da shi

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Wani dattijo ya tare ni a Agege bayan sallar Juma'a, ya ce: "Ɗana, an cire wa yarona ƙari a kai, aka ce aiki ya yi kyau. To me ya dawo da shi?" Har yau tambayar nan tana raina.

Ku kalli tela da almakashinsa. Jikinmu ma yana da nasa almakashin, wasu daga cikin sinadaran da ake kira inzayim, waɗanda aikinsu yanka furotin. Da su rauni ke warkewa. To ƙarin da likitoci ke kira giliyobilastoma, mafi tsanani a cikin ciwon dajin ƙwaƙwalwa, sai ya ƙwace almakashin nan ya mayar da shi nasa.

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a ɗinke suke cikin wata saƙa ta furotin. Ƙarin yana yawaita inzayim biyu, MMP-2 da MMP-9, su yi ta tsinka zaren saƙar, har da bangon ƙananan jijiyoyin jini. Da zarar kafa ta samu, ƙwayoyin cutar su sulale ɗaya bayan ɗaya, su bi gefen jijiya su yi nisa. Yankan nan kuma yana sakin sinadarin da ke tsiro da sababbin jijiyoyin jini, ƙarin ya samu abinci. Likita zai cire dunƙulen da ya gani a hoton MRI, amma waɗanda suka sulale ba sa fitowa a hoto. Su ne ke sake tsirowa.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne binciken Michelle Monje da abokan aikinta a Jami'ar Stanford ta Amurka. A 2017 sun nuna cewa wani almakashin, ADAM10, yana yanko wani furotin daga jikin lafiyayyun ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, guntun ya zama taki ga ƙarin. Da suka toshe shi a jikin ɓeraye, girman ƙarin ya ja baya sosai.

To me ya hana a karya almakashin kawai? An gwada da maganin marimastat, mai toshe inzayim irin su MMP-2 da MMP-9. Bai ƙara wa marasa lafiya kwana ba, sai ciwon gaɓoɓi, domin sauran jiki ma da almakashin yake aiki. Tun 2005 dai hanyar da ake bi ita ce tiyata, gasa ƙarin da haske, da maganin temozolomide.

Idan babba ya fara farfaɗiya alhali bai taɓa yi ba, ko ciwon kai na tashinsa da asuba da amai, don Allah a kai shi asibiti a ɗauki hoton kai.