Amsoshin Tambayoyinku: Idan Mota Ta Sauke Maka Kayan Wani

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Daga nan Birnin Kebbi muke sake gaishe ku a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun wannan makon kusan duk bakinsu ɗaya: kayan saƙo da mota ke saukewa a shagon da ba nan aka nufa da su ba. Tunda magana ce da ta shafi mutunci, za mu sakaya sunaye, gari kawai za mu faɗa.

Ta farko daga Jega ta fito, daga wani mai shagon kayan masarufi. Ga abin da ya ce: "Malam, sati ukku da sunka wuce na yi odar katan 20 na taliya da sabulu daga kasuwar Singa ta Kano. Da mota ta sauke na ƙirga, sai na iske katan 26. Shidan nan na madarar gwangwani ne, akwai rubutu a jiki amma ruwa ya wanke rabinsa. Har yau ba wanda ya biyo sawu. Maƙwabcina ya ce tsintuwa ce, rabona ne ya tsaga. Shin in saida ko in ci gaba da jira?"

To Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Maƙwabcinka dai ya yi maka fatawar son rai. Tsintuwa ita ce abin da ya faɗi, ba ka san mai shi ba, ba ka kuma da hanyar saninsa. Kai kuwa ka san motar da ta kawo, ka san direban, ka san wanda ya yi maka lodi a Singa, lambobinsu duk suna cikin wayarka. Mai madarar nan kira biyu ko uku ne tsakaninka da shi. Ka ce ba wanda ya biyo sawu, ni kuma sai in tambaye ka: kai ka bi sawun wa?

Kuma ko da a ce tsintuwar ce ta gaske, ai sati uku bai halatta maka komai ba. Hadisin Zaidu ɗan Khalid al-Juhani yana cikin Bukhari da Muslim: Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarci mai tsintuwa ya gane mazubinta da maɗaurinta, sannan ya yi cigiya shekara guda. A ruwayar Muslim ma an ƙara da cewa ko bayan shekarar, duk ranar da mai ita ya zo a ba shi abinsa. Risala da muka karanta a zaure haka ta kawo: shekara ɗaya ana cigiya a inda ake sa ran samun mai abu, bayan nan in ka yi sadaka da ita kuma mai ita ya bayyana, kai za ka biya. Wannan fa hukuncin abin da aka tsinta a hanya ke nan. Naka ya fi shi nauyi, domin ajiya ce ta shigo hannunka, aya ta 58 a Suratun Nisa'i kuwa ta ce a mayar da amana ga masu ita.

Bari in ɗan tsaya a nan, domin mutane da yawa na ɗauka cewa in sun yi shiru wani babban attajiri ne a Kano zai yi asarar da ba zai ma ji ta a jikinsa ba. Ba haka abin yake tafiya ba. Wanda ya san tasha ya san yadda ake webil. Ana kawo kaya, a rubuta sunan mai karɓa da gari da lambar waya da alƙalamin maka a jikin kwali ko buhu. Magatakardan 'yan yuniyan ya buɗe littafinsa ya rubuta wanda ya aiko, guda nawa ne, wace mota ta ɗauka, nawa aka biya. Daga lokacin da motar ta ɗaga, kayan nan suna wuyan direba. In sun ɓata, attajirin Singa zai ce shi ya ɗora, ga shaida a littafi. Mai kaya zai ce shi bai karɓa ba, kuma gaskiyarsa. Sai a zaunar da direba a ofishin tasha a yanka masa biya, a riƙa cira a hankali daga abin da yake samu. Shi kuma ya huce a kan yaron mota, a ce shi ya karkatar da su a hanya. Yaron da ƙila gyangyaɗi ne kawai ya ɗebe shi da asuba wajen sauke kaya, sai ya tashi da tambarin ɓarawo, ya rasa motar da za ta sake ɗaukarsa. Madarar da ke bayan kantarka, Alhaji, mai yiwuwa yanzu haka wani na biyan kuɗinta da cefanen gidansa.

Kuskuren kuma ba abin mamaki ba ne. Alhaji Bello nawa ne tsakanin Jega da Gwandu? A rubuta "B/" ruwa ya wanke sauran, to Birnin Kebbi ne, ko Birnin Yauri, ko Birnin Magaji can Zamfara? Mota ɗaya ta kwaso saƙon mutum talatin, ana saukewa da fitilar waya. Abin da za ka yi ba wuya: ka ɗauki hoton rubutun, ka tura wa wanda ya yi maka lodi da direban, ka kuma taka zuwa tasha ka ce a duba littafin ranar. Katan shida na madara ba sa ɓata a rasa mai kuka.

Ta fuskar hukuma ma ba ka tsira ba in ka sayar. Kundin Final Kod, wato dokar hukunta laifuffuka da Arewa ta fara aiki da ita a 1960, ya ware wa wannan laifi sashe na 308 da na 309, wato mutum ya mayar da dukiyar wani tasa da rashin gaskiya, ko da ba sata ya yi ba, kuma hukuncin na iya kaiwa ɗaurin shekara biyu. Ranar da direba ya tuno inda ya sauke, ba za ka so labarin ya zaga kasuwar Jega ba.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Argungu, mai sayar da atamfa da leshi daga gida ta WhatsApp. Ita tata da ɗan sarƙaƙiya. Ta ce wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari da take sara a wurinsa ya taɓa cinye mata turmi biyu, ta yi magana har ta gaji. Yanzu kuma ya yi kuskure ya aiko mata da ƙunshin wata, leshi masu tsada da sun ninka kuɗin nata kayan. Tana tambaya ko za ta iya cire kimar turminta biyu ta mayar da saura.

Hajiya, na ji zafin da kike ji, kuma haƙƙinki haƙƙi ne. Amma ki duba da kyau: leshin nan na waye? Ke da bakinki kin ce na wata ce. Matar nan ta biya kuɗinta, wataƙila ma ankon biki ne ana ta kiranta a waya. Ita ba ta ci miki turmi ba. In kin taɓa kayanta, kin rama a kan wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, shi kuma mutumin naki zai ce mata mota ce ta ɓatar, ya zame abinsa. Akwai hadisi a Abu Dawud da Tirmizi da ya ce ka mayar da amana ga wanda ya amince maka, kada kuma ka ha'inci wanda ya ha'ince ka. Malamai sun yi saɓani a kan wanda ya samu dukiyar wanda ya zalunce shi, ko zai iya ɗaukar daidai haƙƙinsa, amma wannan saɓanin a kan dukiyar azzalumin ne, ba ta wani na uku ba.

Ni a ganina ma dama ce ta zo miki. Ki kira shi ki ce kayan wance suna hannunki lafiya lau, ya ba ki lambarta ko ya faɗi inda za a tura. A cikin wannan kiran ki ɗora da cewa kina nan kina jiran turminki biyu, kuma a sako su tare da ainihin kayanki. Mutumin da kika fitar daga kunya yanzu-yanzu, da wuya bakinsa ya iya musu. In ya ƙi, Kantin Kwari na da shugabannin layi da na ƙungiya, kuma ɗan kasuwa ya fi tsoron a kai ƙararsa can fiye da ko'ina. Kuɗin motar mayar da kayan kuwa ba ke za ki biya ba, na wanda ya yi kuskuren ne.

Wani kuma daga Zuru ya rubuto a gajarce: kwando huɗu na tumatir aka sauke masa, bai san mai su ba, direba ya wuce wayarsa a kashe, ga shi sun fara ruwa. Malam, tumatir ba ya jiran cigiya. Ka kira sarkin kasuwa ko dattijai biyu a layinku, a sayar a gabansu a farashin ranar, a rubuta, ka ajiye kuɗin. In ka biya 'yan dako ka cire abin da ka kashe, shi ma a rubuce. Tukuici kuma in mai kaya ya ba ka don ransa ka karɓa, amma kada ka sa shi sharaɗi. Haka za a yi da ɗanyen kifin Yauri da duk wani abu mai saurin lalacewa. Albasar Aliero kam tana iya haƙuri kwana biyu in an baza ta a inuwa.

Sai wadda ta fi tayar mini da hankali, daga wani mai shagon sayar da kayan waya a Kamba. Ya ce an ajiye masa wani kwali naɗe da salatif, ba suna ba lamba. Washegari wata baƙuwar lamba ta kira shi, aka ce kayan nasu ne, za a turo ɗan acaba ya karɓa, kada ya buɗe.

Ɗan'uwa, a nan gaskiya kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da wayo. Mayar da kaya ga mai su daban, miƙa su ga duk wanda ya buga waya daban. In ka ba ɗan acaban nan, gobe mai kayan na ainihi ya zo, me za ka ce masa? Hikimar da ke cikin hadisin can na gane mazubi da maɗauri ke nan: mai nema shi zai siffanta, kai kana saurare. Mene ne a ciki, guda nawa, daga wane gari, wace mota, wane direba? Kada ka riga shi faɗa. In amsarsa ta yi daidai, ya zo da ƙafarsa ku haɗu a ofishin tasha, a miƙa a gaban shaidu, ya sa hannu.

Sannan ka tuna inda kake zaune. Kamba bakin iyaka ce da Nijar, kuma kowa ya san halin da yankinmu ke ciki. Kwalin da ba suna, mai shi kuma ya ƙi zuwa da kansa, har yana gargaɗin kada a buɗe, ba irin kayan da za ka kwana da su a shago ba ne. Ana fakewa da saƙo a yi safarar tramadol da ma abin da ya fi shi muni, kuma in jami'an NDLEA masu yaƙi da miyagun ƙwayoyi ko 'yan sanda suka iske shi a hannunka, kai za a fara tambaya. Kada ka buɗe kai kaɗai, kada ka jefar a bola. Yau ɗin nan, ba gobe ba, ka sami mai unguwa ko shugaban kasuwarku ku je wurin hukuma tare, ka ba su lambar da ta kira ka. In kayan halal ne, mai su zai same su a can ba abin da ya ragu.

Ta ƙarshe da lokaci zai ba mu, wani yaron shago ne daga Yauri. Ya ce buhu uku na sukari sun shigo musu bisa kuskure, maigidansa ya ce ya ja bakinsa ya yi shiru, ga direban kuma ya dawo sau biyu yana tambaya, shi aka tura ya ce ba su gani ba. Yana tsoron kora.

Ƙanena, Allah ya yi maka albarka da abin ya dame ka. Ban ce ka tsaya tsakiyar kasuwa ka tona maigidanka ba. Ka same shi shi kaɗai, bayan an rufe shago, ka ce: "Alhaji, direban nan fa biya za a sa shi, kuma 'yan dakon da suka shigo da buhunan sun san inda suka ajiye." Sau da yawa wannan kaɗai ya isa, domin ka buɗe masa ƙofar fita ba tare da ya ji kunya ba; sai ya ce an duba sito an gani. In ya ƙi ji, ka nemi wanda yake jin nauyinsa, limaminsu ko wani yayansa a kasuwa, ya yi masa magana. Amma ƙaryar nan kada ka sake yin ta. In direban ya dawo, ka ce masa ya ga Alhaji da kansa, kai ba ka da ta cewa. Ka sake rubuto mana mu ji yadda kuka ƙare.

Akwai sauran wasiƙu biyu, ɗaya daga Bagudo ɗaya daga Koko, a kan kuɗin da ake turowa asusun masu POS bisa kuskure. Wannan babi ne mai zaman kansa, da shi za mu buɗe a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A ci gaba da aiko da tambayoyi ta inda aka saba. Mu kwana lafiya.